Kafin Ka Sa Hannu A Rahoton Nan

Ranar Asabar bayan la'asar ɗan ƙanwata ya yi sallama da kwamfutarsa a hannu. Shekararsa biyu ke nan da kama aiki a ofishin odita, kuma wannan ne karon farko da aka ce shi zai rubuta rahoton da za a miƙa wa shugabannin wata hukuma da suka bincika. Ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, Litinin zan miƙa." Shafi 64 ne. Na sa tabarau na fara bi, shi kuwa ya jingina da bango yana latsa waya.

A sakin layi na bakwai gabana ya faɗi. Ya rubuta cewa mai sito ya karkatar da kayan gwamnati, a cire kuɗin daga albashinsa, a kuma hukunta shi. Na ce, "Ka zauna da mutumin nan?" Ya ce ya tura masa saƙo ta WhatsApp bai amsa ba. Na ce, "Siton fa, ka shiga da ƙafarka?" Ya ce, "Kawu, ai takardu sun nuna." Can wajen shafi na 50 kuma na tarar da maganar wata kwangila da aka biya kuɗinta kaf alhali aiki bai kai rabi ba. A nan sai alƙalaminsa ya yi laushi: wai an lura akwai buƙatar ƙara bin ƙa'ida wajen biyan 'yan kwangila. Ba lambar bauca, wato takardar biyan kuɗin, ba adadin kuɗi, ba ofishin da ya sa hannu. An bar jaki ana dukan taiki. Na rufe kwamfutar na yi shiru, domin laifuka biyun da na kwashe shekaru ina aikatawa ɗaya bayan ɗaya, yaron nan ya haɗa su a rahoto guda.

Zamanin soja ne, ina matashi, aka tura ni rangadi wata ƙaramar hukuma. Na ga baucar sayen taki buhu 200, an biya, amma babu takardar shigar kaya sito, kuma littafin sito bai san da zamansa ba. Mai siton dattijo ne, ya kusa haifata. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun suna wurin ma'aji, ya tafi ta'aziyya ƙauyensu. Ka ba ni zuwa jibi." Ni kuwa alawus ɗin kwanakina ya ƙare, motar ofis za ta juya da safe, ga kuma zumuɗin in koma hedikwata da abin da za a ce yaron nan ya iya aiki. A daren na rubuta, a kan gwiwata, da hasken fitilar ƙwai. Na sa kalmar da ba ni da hurumin sawa. Na ce ya yi sama da faɗi da takin.

Aka dakatar da shi, aka mayar da shi rabin albashi. Bayan wata biyar sai ga shi a ofishina da leda baƙa. Bai zauna ba. Ya zaro takardu ya jera a kan teburina ɗaya bayan ɗaya: umarnin kantoma cewa a sauke takin kai tsaye a gundumomi saboda damina ta kama, da sa hannun dagatai, kowa da adadin buhun da ya karɓa. Ya ce, "Ga abin da na ce ka jira." Ya juya ya fita. An mayar da shi bakin aiki, an biya shi ragowar albashinsa, amma a garinsu sunan ɓarawon taki ya riga ya bi shi har masallaci.

Na daɗe ina kare kaina, kuma har yau wani sashe na zuciyata bai daina ba. Ai ƙa'idar kuɗin ƙananan hukumomi ta ce duk kayan da aka saya sai sun shiga littafin sito kafin su fita, ko da a takarda ne. An karya wannan ƙa'idar, ban ƙirƙira ba. Kuma wa ya koya mini? Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake rubuta sakin layi. Tsohon rahoto aka miƙo mini aka ce in bi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya karya ƙa'idar kantoma ne, ni kuma sunan mai sito na rubuta, saboda shi ne wanda zan iya ɗaga wa murya. Kwana biyu kawai ya roƙa.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Daga nan na koma ɗaya gefen, kuma a can na fi daɗewa. Na ƙware da "an". An lura, an gano, ana ba da shawarar a gyara. Kowace shekara maganganun nan ne dai: kuɗin da aka ba ma'aikata su yi aiki ba su kawo rasidi ba, ba a daidaita littafin kuɗi da takardar banki ba, babu rajistar kadarori. Shekara kawai nake canzawa a sama. Su ma amsarsu ɗaya ce, sun ji kuma za su gyara. Ni na san ba za su gyara ba, su ma sun san ba zan dawo in tambaya ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na wani ƙaramin asibiti. An biya ɗan kwangila duka, gini ya tsaya a linta. Na je, na gani, na auna da ƙafata, na rubuta komai da lambar bauca da ranar biya. Maigidana a ofis ya kira ni ya rufe ƙofa ya ce, "Malam, sassauta wannan. Ka san na wane ne." Bai rubuta komai ba, bai ma ɗaga murya ba. Ni da hannuna na mayar da shafi guda layi biyu. A lokacin maganar Vincent Azie tana bakin kowa: muƙaddashin Babban Odita na Tarayya da ya fitar da rahoton asusun 2001 a farkon 2003, ya taɓo ma'aikatu har da fadar shugaban ƙasa, wa'adin riƙonsa na wata shida yana cika aka sallame shi daga kujerar. Muka ce idan na sama bai tsira ba, ina ga mu? Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta da mahaifiya a kwance. Duk wanda bai taɓa jiran albashi da takardar magani a aljihu ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Amma kuma tsarin mulkin 1999 ya faɗa a sashe na 85 da na 125 cewa Babban Odita, na tarayya ko na jiha, ba ya karɓar umarnin kowa a aikinsa, kuma rahotonsa majalisa yake zuwa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Babban Akanta. Abin da ni ƙarami na goge a ƙasa, ta ina zai kai gaban kwamitin majalisa? Ginin nan yana nan, awaki ke kwana a ciki, matan ƙauyen kuma har yanzu a bayan babur ake kai su gari idan naƙuda ta zo.

Na yi niyyar in jero wa yaron shawarwari goma. Da na buɗe baki, kaɗan ne suka fito.

Na ce, ɗana, kowane sakin layi ya amsa tambayar mai karatu ba sai ya neme ka ba: me ka tarar, a wace bauca, nawa ne, wace ƙa'ida aka taka, me ya jawo, me jama'a suka rasa, wane ofishi zai gyara, zuwa yaushe. Sannan ka sa amsar wanda abin ya shafa, da bakinsa, ko da ba ta gamsar da kai ba. Idan ba ka zauna da su kafin ka bar wurin ba, ka karanta musu abin da ka samu ido da ido, to ba ka gama bincike ba, balle rubutu.

Kalmar sata kuma ba taka ba ce. Akwai EFCC, akwai ICPC, akwai kotu. Kai ka ce buhu 200 an biya, ba su shiga littafi ba, ga wanda ya ba da umarni. Amma fa kada ka fake da wannan ka koma "an lura" irin nawa. Ambaci kujerar da ta sa hannu, ko ta wane ce.

Ku yaran yanzu abin da ke ba ni haushi da ku ke nan. Kun haddace IPSAS (ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnati na duniya), kuna ambaton TSA (asusun bai ɗaya na gwamnati) da IPPIS (tsarin biyan albashi ta kwamfuta) kamar karatun allo, kuna ganin tunda aka tattara kuɗin gwamnatin tarayya a asusu guda a 2015 komai ya koma cikin kwamfuta. Kwamfuta za ta nuna maka kuɗi sun fita. Ba za ta gaya maka rijiyar burtsatse tana ba da ruwa ko ba ta bayarwa ba. Gani ya kori ji, amma ku zafin rana ma ba kwa so. Ga kuma Turancin da na'ura ke zuba muku, sumul, shafi bayan shafi, wanda shugaban hukuma zai duba bangonsa ya tura wa akanta, akanta ya sa a durowa. Mu aƙalla da muka yi kuskure, ƙurar hanya tana jikinmu.

Na ce ya rage rahoton zuwa shafi goma, babbar magana a shafin farko, ƙananan a haɗa su a baya. Ya ce to me zai cire? Na duba na duba, na ce kada ya cire komai da ke da lambar bauca. Ya ce ai hakan ya fi shafi goma. Na ce to ya fi, amma kwangilar ta dawo gaba, mai sito ya koma baya har sai an ji ta bakinsa.

Sai ya ajiye wayar, karon farko tun shigowarsa, ya ce, "Kawu, idan oga ya ce in cire na kwangilar fa?" Na ce kada ka ji tsoron kowa. Ina faɗa na ji nauyin maganar a bakina, don na san albashin nan shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa uku. Na gyara na ce, ban ce ka jefar da aikinka ba. Ka rubuta shi cikakke, ka jera hujjojinka a fayil da lamba, ka miƙa. Idan zai cire, ka ce cikin ladabi, "Yallaɓai, a sa mini a rubuce." Ya cire da alƙalaminsa, kada ka cire masa da naka. Ko wannan ɗin zai iya jawo maka canjin wurin aiki zuwa inda ba ka so, ban ɓoye masa ba.

Aka kira magariba. Yana naɗe wayar cajin kwamfutar ya ce oga Litinin ya ce, ƙarfe goma. Na ce ya kira shi yau ya nemi zuwa Laraba, ya ce masa akwai amsar da ba a karɓa ba. Litinin ɗin kuma ya biyo ya ɗauke ni ƙarfe bakwai, tare za mu je siton, ni zan jira a mota.