Baklava da tsadarta a Istanbul

Na shiga wani shagon kayan zaƙi a unguwar Karaköy da ke Istanbul, inda ake sayar da baklava (kayan zaƙi na fallayen ƙullin fulawa da ake gasawa) da lokum (wata alewa mai laushi) a kan awon kilo, kuma farashin da na gani ya ninka na masu tallar bakin hanya nesa ba kusa ba. Da farko na ɗauka tsadar rayuwa ce kawai, domin hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, amma da na ɗanɗana sai na gane inda kuɗin ya tafi. Baklavar an yi ta ne da tataccen man shanu da fistashiyo (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa) na Gaziantep, garin da Tarayyar Turai ta yi wa sunan baklavarsa rajistar kariya a 2013, ga fallayen ƙullin sirara har suna ƙaras-ƙaras a baki, zaƙin kuma bai yi yawan da zai gundure mutum ba. Mai arhar kuwa galibi da man gwangwani da ruwan gulukos ake haɗa ta. Lokum ɗin dai, wanda sitaci da sukari ne ginshiƙinsa, a ganina bai cancanci kuɗin da aka sa masa ba.