Inda saukarwa ta tsaya, nan matsalar take

An turo mini mahaɗar wata folda a Google Drive, bidiyon darussa 23, jimlarsu gigabait 14, ɗaya daga ciki shi kaɗai ya kai gigabait 5. Kwana biyu na yi kafin su sauka cif. Kafin ka taɓa komai, lura da inda saukarwar ke mutuwa: tun ba ta fara ba, a tsakiya, ko kullum a wuri guda. Kowanne da dalilinsa.

Da farko na danna saukar da foldar baki ɗaya. In ka yi haka, Drive zai ƙunshe fayilolin cikin ZIP, wato ƙunshin da ke haɗa fayiloli da yawa wuri guda, in sun yi yawa ya raba su kashi-kashi, kowanne wajen gigabait 2. Ƙunshewa ta gama, amma ko ɗigo bai sauko ba. Laifin daga wajena yake, domin na toshe kukis na wasu shafuka a Chrome, wato ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa don ya gane ka. Shafin da kake kallo daban, adireshin da fayil ke fitowa daban, sai toshewar ta hana a gane cewa kai ne mai izini. Na shiga saitunan sirri da tsaro, na ba drive.google.com da googleusercontent.com dama, nan take ta fara. Ka kuma duba gefen adireshi a sama: Chrome yakan nemi izini kafin shafi ya saukar da fayiloli da yawa a jere, in ba ka amsa ba kashi na farko kaɗai za ka samu.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa, wai a buɗe tagar sirri, wato Incognito. Tana da amfani in asusu biyu ko uku ne a buɗe suna rikita izini har lambar 403, saƙon hana shiga, ta fito. Sai dai tagar sirri ta Chrome da kanta take toshe irin kukis ɗin nan, ka ga an gudu ba a tsira ba. Ni na fi son buɗe sabon furofayil, wato sabon mai amfani a cikin Chrome, in shiga da asusu guda.

Daga nan na bar ZIP, na koma ɗauko bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Duk fayil da ya wuce megabait 100, Drive zai ce ba zai iya bincikarsa don ƙwayar cuta ba. Wannan ba kuskure ba ne, in ka yarda da wanda ya turo sai ka danna a sauke duk da haka.

Yankewar tsakiya kuwa, yau a kashi 30, anjima a kashi 70, ta layi ce. Intanet ɗin waya nake jonawa, da na matsa da wayar ko kwamfutar ta yi barci sai ya katse. Na haɗa wayar da kebul na USB maimakon Wi-Fi, na hana kwamfutar barci muddin tana kan caji. In ta katse, kada ka goge guntun fayil mai ƙarewa da .crdownload, shi ne abin da ya riga ya sauka. Danna Ctrl da J don buɗe jerin abubuwan da kake saukewa, ka zaɓi ci gaba, kuma ka yi da wuri, in an daɗe sai ya ƙi ɗorawa ka koma farko. Ga mai sayen data, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Babban bidiyon ne ya fi ba ni wahala. Sau uku yana mutuwa, kullum a daidai gigabait 4. Layi ba ya yanka a wuri guda sau uku. Kai tsaye cikin filash nake saukewa, filashin kuma tsarin FAT32 gare shi, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da fili ya yi yawa. Danna filashin da maɓallin dama ka duba bayanansa, za ka ga tsarin. Na kwashe abin da ke ciki tukuna, don fomat yana share komai, sannan na mayar da shi exFAT, tsarin da ke ɗaukar manyan fayiloli. Tun daga nan cikin kwamfuta nake fara saukewa, sannan in kwafa. In ZIP ne, tanadi ninki biyu na fili, ɗaya na ƙunshin, ɗaya na abin da za ka warware.

Abu biyu ba daga na'urarka suke ba. In saƙo ya ce mutane da yawa sun sauke fayil ɗin kwanan nan, iyaka aka kai, takan ɗauki har awa 24 kafin ta buɗe. In kuma maɓallin saukarwa ba ya nan sam, mai fayil ne ya rufe, shi za ka roƙa ya buɗe.

Da suka sauka ban yarda da ganin sunaye kawai ba. Na gwada girman kowanne da wanda Drive ke nunawa, na buɗe kowane bidiyo na ja shi zuwa mintin ƙarshe. Guda ɗaya ya maƙale a minti na 41, girmansa ya gaza da megabait 200, shi kaɗai na sake saukewa.