Ranar da Taylor Swift ta fanso muryarta

Juma'a, 30 ga Mayu, 2025

Tun da labarin ya ɓulla yau hankalina bai bar kansa ba. Mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta sanar cewa ta saye uwayen faifan (wato ainihin naɗin) kundin waƙoƙinta shida na farko daga hannun kamfanin zuba jari na Shamrock, a kan kuɗin da ake ruwaito ya kai wajen dala miliyan 360. Masoyanta sai murna suke yi, kuma sun cancanci yi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce mutum ya rera da bakinsa, sannan ya dawo ya zuba waɗannan maƙudan kuɗi kafin abin ya zama nasa.

Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na rubutu, wato baitoci da karin sauti, wannan na marubuci ne. Akwai kuma na uwar faifai, ainihin muryar da aka naɗa a sitidiyo, wadda galibi kamfanin da ya biya kuɗin naɗin ke riƙewa. Swift tana 'yar shekara 15 ta sa hannu da kamfanin naɗin waƙoƙi na Big Machine a 2005, kuma uwayen faifan suka zama na kamfani. Da ta bar su a 2018, kayan suna can. A 2019 aka sayar da kamfanin ga Scooter Braun, wani manajan mawaƙa, a 2020 shi kuma ya sayar wa Shamrock da faya-fayenta.

Inda sabon mawaƙi ke rufta shi ne kuɗin kafin alƙalami. Yana ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a cire daga kasonsa shi kaɗai. A ce kasonsa kashi 15 cikin 100 ne, kuma an kashe dala 300,000 tsakanin abin da aka danƙa masa, kuɗin sitidiyo da na bidiyo. Sai kundin ya kawo dala miliyan 2 kafin ya sake ganin ko sisi, domin daga cikin kashi 15 ɗin ake zarar bashin. A lokacin kamfani ya riga ya kwashi miliyan 1.7. Wani sharaɗin ma yakan ɗora bashin kundi na farko a kan na biyu, ta yadda wanda ya karɓu zai biya wa wanda ya faɗi. Kuma ko an gama biya, uwar faifai ba ta dawowa. Wannan ne ya fi ci mini rai. Irin wannan yarjejeniya na cikin abin da ya sa ƙungiyar mawaƙa mata ta TLC ta shiga kotu a 1995 tana cewa ta karye, a daidai lokacin da waƙoƙinta suka cika duniya.

Dabarar Swift ita ce sake naɗa waƙoƙin daga tushe. Yarjejeniyarta ta ba ta damar fara hakan daga Nuwamban 2020, ta kuwa fitar da kundi huɗu tsakanin 2021 da 2023. Abin ya yi aiki ne saboda da hannunta a rubutun waƙoƙin. Mai son sa waƙa a fim ko talla sai ya sami izini biyu, na mai uwar faifai da na marubuci, ita kuma tana iya hana nata a kan tsohon naɗi ta bayar a kan sabo. Da haka darajar tsofaffin ta ragu a hannun masu su. Mawaƙin da wasu ke rubuta masa ba shi da wannan makamin, haka ma wanda ba shi da miliyoyin masoya da za su bar tsoho su koma sabo. An kuma ruwaito cewa manyan kamfanoni sun tsawaita wa'adin hana sake naɗi a sababbin yarjejeniyoyi, har shekara 10 zuwa sama.

Ba a kanta aka fara ba. Mawaƙi Prince ya sauya sunansa zuwa wata alama a 1993 a rikicinsa da kamfanin Warner, bai karɓi faya-fayensa ba sai 2014. Mawaƙi Ray Charles ne ya fi burge ni, don shi tun wajen ciniki ya gama magana: da zai koma kamfanin ABC-Paramount a 1959, ya sa mallakar uwayen faifansa cikin sharaɗi.

A Amurka doka ta bar wata ƙofa. Wanda ya miƙa haƙƙinsa daga 1978 zuwa yau yana iya karɓe shi bayan shekara 35, matuƙar ya aika takardar sanarwa aƙalla shekara 2 kafin ranar, kuma kada ta wuce 10. Sai dai kamfanoni kan kafe cewa naɗin aikin ƙwadago ne aka yi musu, wanda dokar ba ta shafa ba, daga nan sai kotu.