Takardar da na sa wa hannu ranar Alhamis

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara tara ina cin abinci a wannan kamfani na injiniyoyin gini. Yaran da ke bautar ƙasa a ƙarƙashina sun matsa in bar musu wani abu a rubuce. Lissafin bim (gungumen kankaren da ke kwance yana ɗauke da deki) da pila sun fi ni sabon karatu a kai, don haka labarin takarda guda zan ba su.

Lokacin ban fi shekara da samun rajistar COREN ba, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, hatimina ko tsufa bai fara yi ba. Muna kula da wani bene mai hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. An sa ranar Asabar za a zuba kankaren dekin na biyu, kuma kun san ba a zubawa sai injiniya ya hau ya ƙirga rodi ya sa hannu. Ranar Alhamis da la'asar oga ya kira ni ofishinsa, ya turo mini takardar da bayan biro.

"Injiniya, sa hannu nan. Jiya na leƙa da kaina, komai lafiya lau."

Na ce, "Yallaɓai, da an bari gobe bayan an sauko daga Juma'a in je in gani."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wato idona ne ba ka yarda da shi ba?"

Mutumin nan ya ba ni shekara ashirin, kuma shi ya ɗauke ni aiki lokacin da nake yawo da takardu a jakar leda. Kunya ta kama ni, na sa hannu, na buga hatimi. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, tunda shi ya gani, me ya hana shi sa nasa hannun?

Kwana 21 aka cire katako. Da sassafe tsohon birkilan da muke kira Baba ya bugo mini waya, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Injiniya, duk abin da kake yi bari ka zo." Na same shi tsaye ƙarƙashin babban bim ɗin da ya ratsa tsakiyar shagunan. Ya zaro tsinken ashana ya tura cikin tsagar da ke tsakiyar bim ɗin, tsinken ya shige har rabi. Muka sa kurfi aka fasa gefe guda. Inda zane ya ce rodi 16, rodi 12 muka tarar. Wanda ba ɗan sana'a ba zai ce milimita huɗu ne kawai bambancin, alhali kaurin ƙarfen 12 murabba'in milimita 113 ne, na 16 kuwa 201, wato an kusa raba ƙarfin gida biyu. Samfurin kankaren da ya kamata a kai gwaji a kwana 7 da kwana 28 kuma na gan su jere bayan ɗakin mai gadi, an ɗora tukunya a kan guda uku.

Aka zauna da mai gini. Alhajin na ta faɗa, yana cewa kuɗinsa aka ƙona. Oga ya bari sai da ya sauke numfashi, sannan ya buɗe fayil a hankali ya juya takardar ta fuskance shi: "Ranka ya daɗe, ga wanda ya duba aikin." Ko kallona bai yi ba. An fasa bim ɗin da rabin dekin aka sake, aka yi wata shida ana yankar albashina. Har yau bai taɓa ce mini sannu a kan maganar ba, ni ma ban taɓa tayar da ita ba. A doka ba ni da bakin magana, sunana ne a jiki, kuma da ginin ya faɗo kan masu shaguna ni za a kai gaban kwamitin ladabtarwa, ba shi ba.

Shi ya sa lokacin da bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasiƙar da jaridu suka wallafa. Kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun watan Fabrairun 2020 cewa ya janye, domin ba zai iya lamunin ingancin ginin ba. Sun bar kuɗi mai kauri a kan tebur. Ni kuwa kallon tabarau kawai ya sa na miƙa wuya.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Umarnin da aka ba ku da baki, ku koma ku rubuta shi a littafin wurin aiki da kwanan wata. Goron ɗan kwangila bashi ne, ranar zuba kankare yake zuwa karɓa. Masu kawo zanen da wani ya yi su ce a buga musu hatimi a ba ku na mai, ku sallame su da fara'a. Kuma in mai zanen gini ya cire pila don falo ya yi faɗi, ku je ku same shi ku yi magana, kar ku gyara masa zane a ɓoye.

Tun daga waccan Alhamis ban sake sa hannu kan rodin da ban taɓa da hannuna ba, har suka laƙaba mini Malam Sai-na-hau. Makon jiya oga ya tare ni a bakin mota yana cewa bai san wa zai riƙa dubo masa ayyuka ba in na tafi. Na ce Allah zai kawo wani, yallaɓai. Ma'aunin kaurin rodin da ke aljihuna shekara bakwai na riga na ba ƙaramar cikin 'yan bautar ƙasan, wadda ta taɓa ce mini ba za ta sa hannu ba sai ta gani.