Yadda Na Buga Yaƙin Kharkiv a Kan Yashi da Ɗalibaina

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare da ke Gwale. Ranar wata Alhamis na fitar da 'yan aji shida filin makaranta, muka zana gabashin Yukiren a kan yashi. Igiya ta zama kogin Oskil, marafan kwalba suka zama dakaru.

Na raba su gida biyu. Masu tsaro na ba su marafai talatin, masu farmaki ashirin. A zagayen farko masu farmaki suka afka ta inda aka fi cika, aka cinye su kafin a buga ƙararrawa. Sai na ba su labarin yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Yukiren ta yi ta shelar cewa Kherson za ta kai wa hari a kudu, Rasha ta kwashi dakarunta masu ƙarfi ta kai can. Ranar 6 ga Satumba sai farmakin Yukiren ya ɓullo ta garin Balakliya a yankin Kharkiv da ke arewa maso gabas, inda tsaro ya yi sirara. Ba su tsaya fafatawa gari-gari ba, suka zarce Kupiansk, mahaɗar layin dogon da ke kawo wa Rasha harsasai da abinci. Da hanyar ta yanke, dakarun Rasha da ke garin Izium suka watsar da tankoki suka fice.

A zagaye na biyu yaran suka tara hayaniya a gefe ɗaya, suka sulale ta ɗayan. Suka ci. Raina ya yi fari, har na fara cewa sauri shi ne komai.

Wata yarinya ce ta taka mini birki. Ta ce, "Malam, in mun ƙi motsawa fa?" Ta warwatsa tsakuwa gaban layinsu ta ce nakiyoyi ne, ta tsayar da ƙawarta a kan benci tana faɗin duk motsin abokan gaba, wai ita ce jirgi marar matuƙi. Masu farmaki suka kafe.

Abin da ya samu Yukiren ke nan da ta kai farmaki a yankin Zaporizhzhia da ke kudu cikin Yunin 2023: ramuka, filayen nakiya, ido a sama dare da rana. Watanni aka kwashe kafin a kama ƙauyen Robotyne, aka tsaya a nan kusa. Na gane na koyar da rabin darasi ne. Saurin Kharkiv ya yi aiki domin an riga an janye maƙiyi daga wurin.

Yanzu duk zangon da muka fita yashin, masu tsaro nake fara ba wa tsakuwa.