Tsakanin aji da sansanin farauta

Rigimar da ke tsakanin karatun jami'a da aikin jagorantar mafarauta daga kalanda take farawa. A jihohin tsaunuka na yammacin Amurka, irin su Montana da Wyoming da Idaho, masu farautar barewar elk da kwari da baka suna shiga daji a watan Satumba, masu bindiga su biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Zangon farko na jami'a kuwa daga ƙarshen Agusta ne zuwa Disamba. Watannin da jagoran mafarauta ke samun galibin kuɗinsa na shekara su ne dai watannin da malami ke jiran ganinsa a aji, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Ɗalibin da ya yi aikin sansani a lokacin hutu ya nuna hazaƙa, wata rana ubangidansa zai ja shi gefe ya ce masa, "Bana ina neman wanda zai tsaya mini har ƙarshen kaka, kana ciki?" Ni ma an yi mini wannan tambayar lokacin da ya rage mini kaɗan in kammala digiri a fannin kula da namun daji.

Wanda bai taɓa yin aikin ba yana zaton harbi ne. Harbin na baƙo ne, shi ya biya kuɗinsa. Naka shi ne ka tashi tun gari bai waye ba ka ɗaura wa dawaki da alfadarai sirdi, ka hura wuta, ka lura da inda iska ke kaɗawa, ka bi sawu a kan dusar ƙanƙara. Idan an dace an kayar da dabba, ka feɗe ta, ka kasa naman, ka goyo shi a baya daga kwazazzabon da doki ba ya iya shiga, ka barbaɗe fatar da gishiri kafin ta lalace. Duk wannan ana koyonsa da hannu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zama da mutum. Ga dattijo ya yi shekaru yana jiran sunansa ya fito a ƙuri'ar rabon izinin farauta, ya kashe dubban daloli, ya gaji, ƙafarsa ta yi bororo, ga dabba can a tsallaken kwari amma nisan ya fi ƙarfin hannunsa. Kai da kake sa'an ɗansa, kai ne za ka dafa kafaɗarsa ka ce masa ya sauke bindiga, kuma ka faɗa ta yadda da daddare zai iya zama kusa da kai a bakin wuta. Babu kwas ɗin da ya koya mini haka.

Kuɗin kuma suna da ruɗi. A daji babu inda za ka kashe ko sisi, ga ci ga kwana kyauta, ga tukuicin da baƙi ke bayarwa. Sai ka fito a ƙarshen Nuwamba da dunƙulen kuɗin da ɗalibi bai taɓa riƙewa ba. Amma a raba su a kan watanni 12 na shekara a gani. Tsofaffin jagororin da na zauna da su kowanne yana da sana'a ta biyu: wani gini, wani kiwon shanu, wani jagorantar masu kamun kifi da bazara. Kuma kusan dukkansu suna kuka da gwiwa ko baya.

A sansani akan ce daji ba ya tambayar takarda. Daɗin baki ne kawai. A Alaska mutum yana farawa ne a matsayin mataimakin jagora, ba shi da ikon ƙulla ciniki da baƙo da kansa, sai ya yi aiki a ƙarƙashin wani cikin shekaru uku ya kuma ci jarrabawa kafin ya zama jagora mai rajista. A Zimbabwe sai an ci jarrabawar share fage, a yi aƙalla shekara biyu ana koyo a hannun ƙwararre, sannan a fuskanci gwaji a cikin daji, kuma lasisin nasu yana daga cikin mafi wuyar samu a Afirka. Wanda ya bar jami'a don ya gaji da jarrabawa zai tarar da wata tana jiran sa a gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita kanta kasuwar doka ce ta gina wani ɓangarenta. A Alaska, wanda ba mazaunin jihar ba ne ba zai farauci babban beyar ko tunkiyar dutse ko akuyar dutse ba sai da jagora mai lasisi, ko da ɗan'uwansa na kusa mazaunin jihar. A Wyoming ma baƙo ba ya farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓun dazuzzukan gwamnatin tarayya sai da jagora. To hannun da ya rubuta irin wannan doka shi ne kuma ke iya rufe ƙofa. Kenya ta hana farautar manyan namun daji a 1977 kuma har yau ba ta buɗe ba. Botswana ta dakatar da farauta a 2014 a zamanin Shugaba Ian Khama, sai a 2019 Shugaba Mokgweetsi Masisi ya ɗage haramcin. Lardin British Columbia na Kanada ya rufe farautar beyar grizzly a Disambar 2017. Da korona ta zo, Kanada ta rufe iyakarta daga Maris ɗin 2020, Amurkawa ba su sake samun shiga don yawon buɗe ido ba sai Agustan 2021, ga shi su ne manyan baƙin sansanonin ƙasar. A duk waɗannan lokuta jagoran da ya fi kowa iya bin sawu da wanda ya fara jiya, zaman gida ɗaya suka yi.

Su wa ke ƙidaya dabbobin, su ba da shawarar yawan izinin da za a raba kowace shekara? Masanan da ke aiki a hukumomin kula da namun daji. A Amurka, tun daga dokar Pittman-Robertson ta 1937, harajin kashi 11 cikin 100 da ake ɗorawa a kan bindigogin farauta da harsasai yana komawa ga jihohi don kula da namun daji, kuma da shi ake ɗaukar nauyin ayyuka da yawa na irin waɗannan masana. Kujerar masanin namun daji a gwamnatin tarayya ba a ba wanda ba shi da digiri, komai sanin dajinsa. Na ga jagora mai furfura wanda ya fi kowa sanin inda garke ke kwana, yana sauraron wata matashiya daga hukuma tana bayyana masa dalilin rage izini a yankinsa. Ba ta fi shi sanin dutsen ba, amma rahotonta ake karantawa a ofis.

Duk da haka ba kowa zan ce ya zauna a aji ba. Ƙarfin da ake hawan dutse da shi ɗauke da cinyar elk ba ya jiran mutum, kuma gurbin da ka bari a sansani mai kyau wani zai shige. Yaron da ke shekarar farko, bai san abin da yake karantawa don me ba, bashi kuma yana taruwa a kansa, wataƙila daji ya fi masa amfani a yanzu. Amma wanda ya ci rabin hanya ya wuce, lissafinsa daban ne. Bashin karatu na gwamnatin Amurka ana fara biyansa wata 6 bayan barin makaranta, da takarda ko babu. Sannan "kaka ɗaya kawai zan yi in dawo" magana ce da na ji a bakin mutane da dama waɗanda yanzu suna da mota ta bashi da iyali, manhajar sashensu ma ta canza, komawa ta zama sai an maimaita wasu kwasa-kwasan.

Ni dai na gaya wa ubangidana cewa kakar bana ba zan samu tsayawa ba, amma ya sa ni a lissafin farautar beyar ta bazara da zarar an gama jarrabawa, da kuma tafiye-tafiyen dawaki na lokacin zafi. Bai ji daɗi ba, ya kuma ba wani gurbin a cikin wannan makon. Kafin in ba shi amsa na je ofishin rajista na tambayi ka'idar jingine karatu a rubuce, da tsawon lokacin da makin da na tara zai ci gaba da aiki, da kwasa-kwasan da ba a koyarwa sai a zangon farko. Wannan na ƙarshen ne ya raba gardama: biyu daga cikin waɗanda suka rage mini, ciki har da na ƙidayar namun daji, a zangon kaka kaɗai ake yin su, shekara bayan shekara, don haka ko yaushe na dawo sai na sadaukar da kakar farauta guda.