Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a kan lalurar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. A madadin gidanmu baki ɗaya nake wannan rubutu, don in na ce zan bi ku gida-gida ba zan gama ba.

Kowa a garin nan ya ji labarin ranar da Inna ta fita bayan sallar Asuba, aka neme ta aka rasa. Allah Ya saka wa Malam Liman da alheri, shi ya sa aka yi cigiya a lasifikar masallaci. Mai unguwa ya tashi matasa, 'yan acaɓa suka bar neman kuɗinsu suka bazu har hanyar Ringim. Wani yaro mai kiwo ne ya tsince ta a bakin fadama, tana zaune da takalmi ɗaya a hannu, wai gidan babanta za ta, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Yaron bai ja da ita ba. Ya ba ta ruwa a gorarsa, ya zauna kusa da ita har mutane suka iso. Allah Ya yi masa albarka.

Kawu ne ya dage a kai ta asibiti, lokacin da ake ta ce mana gigin tsufa ne, sai haƙuri. Addu'a ba mu bari ba, amma mun tafi Asibitin Malam Aminu Kano. Likita ya tambaye ta rana da wata, ya ba ta kalmomi ta riƙe, can ya sake tambayarta. Aka ɗebi jini, aka auna bugun zuciya, ya ce alamu sun nuna cutar Alzheimer ce, wato wata cutar ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce akwai sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, asetilkolin, kuma wannan cuta tana rage shi. Akwai kuma wani mai suna kolinestares da ke rusa shi. Maganin da ya rubuta, donepezil, tare mai rusawar yake yi, kamar a toshe ɓular randa: ruwan ba ya ƙaruwa, amma zubar tana raguwa. Ba ya warkarwa, cutar za ta ci gaba a hankali. An fara mata da miligiram 5 da daddare, bayan wata guda aka kai 10. Ya gargaɗe mu kan tashin zuciya, gudawa, rashin cin abinci da raguwar bugun zuciya. Saboda haka don Allah kada wanda ya karanta wannan ya je kemis ya saya wa tsohonsa ba tare da likita ya duba shi ba.

Yanzu Inna tana kiran jikokinta da sunayensu, tana idar da sallarta in an zauna kusa da ita. Har yanzu tana maimaita tambaya, wani lokacin ta nemi buta tana riƙe da ita.

Godiya ta musamman ga matar Yaya. Ita ke ba ta ƙwayar kowane dare, ita ke mata wanka, ita ke amsa tambaya ɗaya da Inna ke ta maimaitawa, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Yaya Babba da ke Kano kuma shi ya ɗauki nauyin kuɗin magani. Allah Ya biya ku da Aljanna, Ya bar zumunci.

Roƙo ɗaya gare ku maƙwabta: in kun ga Inna ita kaɗai a hanya, ku gaishe ta, kada ku yi musu da ita kan inda za ta, ku rako mana ita gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.